Baba Ilu da Makinar Gidan Tuwo

Baba Ilu ba ya cin tuwo sai ya san wanda ya tuƙa shi. Duk wanda ya zauna unguwar Hindawiyya ta Makka a shekarun nan ya san haka. Da an idar da sallar azahar za ka hango shi ya gangaro daga unguwar Tandabawi, lemarsa mai faci a hannu, takalminsa ƙafa ɗaya shuɗi ƙafa ɗaya baƙi. Zai tsaya a ƙofar gidan tuwonmu ya yi sallama kamar mai shiga gidan surukai, sannan ya wuce kai tsaye zuwa tagar da ake miƙo abinci, ya leƙa, ya ce da harshensa na Kabi, "Wa yat tuƙa yau?" In aka ce Isa ne, mai tuƙinmu na kullum, sai ya ce madalla. In aka ce sabon ma'aikaci ne, sai an fito da shi. Zai tambaye shi garinsu da sunan ubansa, ya juya hannunsa ya duba faratansa, sannan ya yarda a zuba masa.

Ni ne Habibu, mai kula da gidan tuwon. 'Yan'uwa sun ce ni ya kamata in rubuta abin da na tuna game da shi, wai ni ya fi zagi a duk Makka. Gaskiya ne. Shi Bakabe, ni Bakatsine, wasa ne tsakaninmu tun kakanni, kuma bai taɓa barin haƙƙinsa ya kwana ba. Karatuna ba mai zurfi ba ne, ku yi haƙuri da rubutun. Kuma a cikin labarin nan ni ba ni da fuska mai kyau. Waɗanda suke wurin sun sani, ba zan gyara komai ba.

Maganar takalmin nan ta taɓa damuna har na saya masa sabo. Na kai masa, na ce, "Baba, dattijo kamarka a garin Allah, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, ai abin kunya ne."

Ya duba ƙafafunsa a hankali. Ya ce, "Ta dama ta kawo maka ƙara?"

Na ce a'a.

"Ta hagu fa?"

Na ce ita ma a'a.

"To su da ke ciki ba su yi magana ba. Kai Bakatsine mi yash shafe ka?"

Amma ya karɓe sabon. Ya ce na zuwa biki ne. Har ya koma ga Allah ba a yi bikin da ya kai matsayin takalmin nan ba.

Abincinsa kuma ba ya cikin abin da muke sayarwa. Ƙanzo yake ci. Shi da mai gidan tuwon, Alhaji Umaru, tare suka yi aikin dafa wa alhazai abinci a Arfa tun suna da ƙarfi, kuma tun ranar da Alhaji ya buɗe wurin ya ce ƙanzon tukunyar farko na Ilu ne, kada kowa ya taɓa. Mai kankare masa shi ne Lawali, mutumin Tasawa, wanda yake tsayuwa a taga yana jin abin da kowa yake so yana miƙawa. Lawali mutum ne mai shiru, ya yi furfura a gemu, gida guda a Tasawa daga hannunsa suke ci. Zai kankaro ƙanzon, ya zuba miyar kuka ta jiƙa shi, ya kai wa tsohon har inda yake zama a kan shimfiɗar da ke gefen ƙofa. Baba Ilu yana da ciwon suga. Kafin ya baro ɗakinsa yake yi wa kansa allura, saboda ya san kwanonsa yana jiransa.

Sai ciwo ya kwantar da Alhaji Umaru, magana ma ta ɗauke. Ɗansa Faisal ya karɓi wurin. Faisal haifaffen Makka ne. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake mayar maka. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya dai lura tukwane suna ƙarewa, abin da yake shigowa kuma bai kai ba. Ya kira ni ya tambaye ni ina abincin yake tafiya. Abincin kuwa ni nake zuba wa 'yan garinmu ta ƙofar baya, duk Bakatsinen da ya shigo da fuskar yunwa. Na buɗe baki na ce, "Ni ina ciki ne, taga a hannun Lawali take." Ban ce shi ne ba. Amma na san yadda za a ji maganar, kuma haka aka ji ta.

Ba a daɗe ba aka kawo makina. Wata doguwar na'ura ce mai allon gilashi, aka kafa ta kusa da ƙofa. Hoton tuwon shinkafa, hoton tuwon masara, masa, dambu, farfesu, kowanne da nasa. Ka taɓa abin da kake so, ka biya, ta tofo maka tikiti mai lamba, ka kai taga. Aka kuma liƙa kyamara a saman tagar, wadda Faisal yake kallo ta wayarsa duk inda yake. Ya tara mu, ya dubi Lawali shi kaɗai, ya ce, "Kwano ɗaya ya fita ba tikiti, ba zan sabunta iƙamarka ba. Tafiya ce ba dawowa."

Kun san mene ne iƙama a wannan ƙasa. Takardar zama ce, kuma ta Lawali a hannun gidan su Faisal take, ta kusa ƙarewa. Lokacin kuma an tsananta binciken takardu, kowa a tsorace yake tafiya. Lawali dai ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Baba Ilu fa?"

Faisal ya ce, "Ya taɓa makina kamar kowa. Ya zaɓi abin da yake so, ni na ɗauke masa. Amma sai da tikiti."

Washegari tsohon ya zo. Ya leƙa taga ya yi tambayarsa. Lawali ya ce Isa ne ya tuƙa, sannan ya nuna masa makina da haɓa, ya kasa haɗa ido da shi. Baba Ilu ya je ya tsaya a gabanta. Ya jingine lema. Ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi, da ƙarfi. Hannun rigarsa ya gogi gilashin, sai wata murya ta fito da Larabci tana yi masa maraba. Ya ja da baya.

"Mace ta?"

Na ce, "Baba, murya ce kawai aka saka."

"Ɗiyar wa ta? Ba a koya mata amsa sallama ba, sai marhaba marhaba?"

Na matso na fara nuna masa hotuna. Ga tuwon shinkafa, ga na masara. Ya kusanto da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

"Wanga tuwo na yau na ko na jiya?"

"Hoto ne, Baba."

"Ina ƙanzo?"

"Babu ƙanzo a ciki."

"To ita tukunyarta ba ta da gindi?"

Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ya juyo ya tambaye ni wa ya kawo wannan abu gidan Umaru. Da na gaya masa gaskiya, zai tambayi dalili, kuma dalilin zai biyo hanya har ya zo kaina. Sai na ce, "Dokar hukuma ce, Baba. Duk gidajen abinci aka ce su saka." Ya kaɗa kai. Ya ɗaga yatsansa na nuni ya ce, "Da wanga nike nuna Allah ɗaya na a tahiya. Ba ni dangwala shi ga gilashi in roƙi tuwo." Ya je ya zauna a wurinsa na kullum.

Na yi dabara. Na taɓa makinar da kaina, na karɓo tuwon masara da miyar kuka, na ajiye masa. Ya ce wa ya aiko. Na ce makina ce ta bayar da sunansa. Ya ture kwanon da bayan hannu. Ya ce abin da ƙarfe ya ba da da sunansa ba ya ci.

Muna cikin haka Ɗanjuma direban tasi ya karɓo nasa tuwon, ya zauna kusa da shi. Kafin ya sa hannu ya ce, "Bismillah, Baba," kamar yadda duk muke cewa, kowa kuma ya amsa da alhamdu lillahi ya kawar da kai. Baba Ilu ya miƙe, ya je ya wanke hannu, ya dawo ya tanƙwashe ƙafa a gaban kwanon Ɗanjuma.

Ɗanjuma ya ce, "Baba, ai..."

"Ai mi? Kai ka kira sunan Allah, ba ni ba."

Ba ya ci da yawa, wannan kowa zai shaida. 'Yan lomomi ne. Amma tsokar nama ɗaya ce a kwanon. Ya ɗauke ta, ya raba biyu, ya miƙa wa Ɗanjuma ƙaramin ɓangaren, ya ce, "Ungo, kai kana aiki."

Na ce masa a hankali, "Baba, wannan ma ai daga makina ya fito."

Ya ce, "Wanga tuwon Ɗanjuma na. Mutum ya kira ni, na san ubansa."

Haka ya sami hanyarsa. Kullum zai zo, ya tambayi wanda ya tuƙa, ya zauna, ya jira. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya ce bismillah, ya sami baƙo. Wani ɗalibi daga Zariya ya yi ƙoƙarin faɗinta a ƙasan maƙoshi, yana kallon bango. Kunnen Baba Ilu, wanda in ka gaishe shi sai ka maimaita, ya ji ta daga wancan ɓangaren ɗakin. Ɗalibin ya ce, "Baba, tawa ce ta fara ci, ba ta kira ba ce." Tsohon yana nannaɗe hannun riga ya ce, "Ni ban iya bambanta su ba, ɗana. Matsa."

Da farko abin dariya ne. Wasu ma don shi suke zuwa. Amma yawancin masu cin abinci a wurinmu leburori ne da direbobi, kwano ɗayan nan shi ne na yini. A hankali mutane suka fara cin tuwonsu shiru. Mutum zai karɓi kwano, ya zagaye tsohon, ya je can lungu ya juya baya. Wasu suka koma cewa a ƙulle musu a leda. Ban taɓa ganin abu mai muni irin wannan ba, ɗaki cike da Hausawa, kowa yana ci, ba mai kiran wani. Ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da muryar matar nan tana marhaba. Lawali yana taga yana kallon tsohon, kyamara tana samansa tana kallon shi. Ni kuma ina kai da komo tsakaninsu, kamar ina da aiki.

Ranar da abin ya faru zafi ake yi irin na Makka, wanda takalmi yake mannewa da kwalta. Baba Ilu ya shigo, ya yi tambayarsa, ya zauna. Ɗanjuma ya tafi Jidda da fasinja. Waɗanda suke ɗakin duk sun koyi shiru. Mutane suka ci suka tashi, wasu suka zo suka ci. Ba wanda ya ce komai. La'asar ta fara matsowa. Na lura gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali yana zaune a saitin sanyi. Ya ɗora hannu a gwiwa, hannun yana rawa. Ya yi allurarsa ke nan, ba abin da ya shiga cikinsa.

Na ce, "Baba, bari in taɓa maka ita, ba wanda zai sani."

Ya ce, "Ni na sani."

Sai na ga taga ba kowa. Daga ciki aka fara jin ƙarar ludayi yana kankare gindin tukunya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tuwo ya san wannan ƙara. Ɗakin ya yi tsit. Lawali ya fito ta ƙofar kicin, kwano a hannu, ƙanzo ya sha miya. Na tare shi.

"Lawali, kyamara."

"Na gan ta."

"Ka koma, mu yi wata dabara."

"Dabara ta ƙare, Habibu. Dubi hannunsa."

Ya kewaye ni, ya durƙusa, ya ajiye kwanon. Ya ɗauko buta ya zuba wa tsohon ruwa a hannu. Tsoro ya sa na manta da ƙaryata, na ce da ƙarfi, "Iƙamarka fa ka ajiye a gabansa, ba ƙanzo ba."

Hannun Baba Ilu ya riga ya kai bakin kwano. Ya tsaya a nan.

"Mi kac ce?"

Ya dubi Lawali, Lawali yana kallon ƙasa. Ya sake dubana. Dole na faɗa masa. Na ce Faisal ne ya kafa doka, kwano ɗaya ba tikiti, Lawali ya tafi gida ba dawowa.

"Ba hukuma ba ta?"

"A'a, Baba."

"Ƙarya ka yi mini, Bakatsine."

"E."

Wayata ta fara ruri a aljihu. Faisal ne. Ya ce mene ne wannan yake gani. Allah Ya yafe mini, a gaban su biyun na ce, "Lawali ne. Na hana shi bai ji ba." Ya ce yana zuwa. Gidansu a bayan layinmu yake.

Baba Ilu ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Ya ce, "Lawali, wanke hannu ka zauna."

Lawali ya ce, "Baba, don Allah ka ci. Abin da zai faru ya riga ya faru."

"Na ce zauna."

Ya zauna. Wani ya miƙo dabino, tsohon ya girgiza kai. Wani ya kawo lemon kwalba, ya ƙi. Isa ya fito daga kicin da muciya a hannu yana roƙonsa. Bai kula kowa ba. Yana kallon ƙofa, leɓunansa sun bushe, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Mutum biyu ko uku da na san takardunsu ba su cika ba suka sulale suka fita. Sun san in tsohon ya faɗi a nan, motar asibiti za ta zo, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Sauran suka zauna, tuwonsu yana sanyi a gabansu.

Faisal ya shigo cikin farar jallabiya, waya a hannu. Bai kalli kowa ba sai Lawali. Ya ce da Larabci, "Ina tikitin wannan?"

Baba Ilu ya ce, "Faisal ɗan Umaru, gidanku ba a sallama?"

Faisal ya yi sallama. Ya sunkuya ya sumbaci kan tsohon, kamar yadda suke yi wa manya a nan. Ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ka ci abincinka lafiya. Maganata da ma'aikacina ce."

"Bismillah."

"Alhamdu lillahi, na ci."

"Bismillah, Faisal."

"Na ƙoshi, ya ammi."

Duk daɗewar Baba Ilu a ƙasar nan, ban taɓa jin Larabci a bakinsa ba sai a salla. Yana cewa harshensa ya ishe shi. Ranar ya juya zuwa Larabcin mutanen Makka, tsaf, ba tuntuɓe, muryarsa tana rawa amma kowa ya ji. Ya ce, "Na rantse da Allah mai girma, ba abin da zai shiga bakina sai ka sa hannu a kwanon nan."

Wanda ya zauna da Larabawa ya san nauyin wannan. Dattijo ya rantse a kan abinci, a bainar jama'a, ba a tsallake shi. Faisal ya tsaya. Ya dubi hannun tsohon da yake karkarwa a kan cinya. Ya dubi ƙofa. Ya dubi mutanen da suka zuba masa ido. Ban sani ba ko tausayi ne ya kama shi ko lissafin abin da zai biyo baya in abokin ubansa ya faɗi a gidan abincinsu. Ba zan yi masa shaidar abin da ban gani ba.

Ya ce, "Ya ammi, dole kake yi mini."

Tsohon ya ce, "E."

"Ka ci tukuna, mu yi magana."

Idanun Baba Ilu suka fara lumshewa, kansa ya ɗan karkata. Lawali ya riƙe masa kafaɗa, ya ce, "Baba." Ban taɓa jin Lawali ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya dubi Faisal ya ce, "Ka kore ni bayan nan. Yanzu dai ka zauna."

Faisal ya tattare jallabiyarsa ya zauna a ƙasa. Ni na ɗauko buta na zuba masa ruwa, iyakar alherin da na yi a ranar ke nan. Ya sa hannu. Bai san yadda ake ɗaukar ƙanzo ba, ya ɗauko wani gefe da miya ba ta ratsa ba. Ya kai baki. A cikin shirun nan duk ɗakin ya ji ƙurus ƙurus. Miyar kuka ta ja zare daga yatsunsa ta sauka a ƙirjin farar rigar. Baba Ilu ya buɗe ido ɗaya yana kallon maƙogwaronsa. Sai da ya ga ya haɗiye, sannan ya sa nasa hannun. Ya ce wa Lawali, "Kai ma."

Ya ci ba magana. Isa ya kawo shayi mai sukari, wannan karon ya karɓa. Muka tsaya a kansa muna kallo har rawar hannun ta lafa, jini ya dawo fuskarsa. Ya suɗe yatsu. Ya goge gemu. Sannan ya koma Hausarsa, ya nuna kyamara da haɓa.

"Waccan aba ta ga Lawali?"

Faisal ya ce ta gan shi.

"Ta gan ni?"

"Ta gan ka."

"Kai fa? Ina tikitinka?"

Tsohon ya ci gaba.

"Mu ukku muka ci, ba mai takarda. In kora ta, ka fara da kanka, tunda kai ad da gida."

Wani daga can baya ya fashe da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Faisal bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya wanke hannu, ya daɗe yana kallon tabon da ke rigarsa. Ya ce mini, "Ka kawo mini takardun Lawali ofis." Ya fita. Bai ce don me ba.

Takardun nan ana karɓarsu don sabuntawa, ana kuma karɓarsu don buga tafiya. Na kai su. Kwanakin da suka biyo baya ba na so in sake ganin irinsu. Lawali yana aikinsa, yana amsa gaisuwata, ba ƙari. Na ga ya sayo igiya irin ta ɗaure kaya. Baba Ilu ya daina zuwa. Aka ce yana ɗakinsa a Tandabawi yana jiƙa busasshen burodi a shayi, ya ce ba zai sake taka gidan Umaru ba sai ya ji inda aka kwana. Kullum ina cewa yau zan je in gaya wa Faisal inda abincin nan yake tafiya tun farko. Kullum ina isa ƙofar ofishinsa in wuce.

Wata rana da hantsi Faisal ya shigo, ya ajiye katin iƙamar Lawali a kan taga ya ci gaba da magana a waya. An sabunta. Lawali ya ɗauka, ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihu. Ya shiga kicin, bai fito da wuri ba.

Sai a lokacin na sami ƙarfin hali, da abin ya riga ya wuce. Na bi Faisal na gaya masa ba Lawali ba ne, ni ne. Ya ce, "Na sani. Tun da aka sa kyamara ba Bakatsinen da ya sake shigowa ta baya." Ya bar ni a tsaye.

Makina ba ta tafi ba, har yau tana nan. Amma Faisal ya sa an ƙara mata wani gida a ƙasan allo, an rubuta ƙanzo, ba farashi. Shi da kansa ya ɗauki hoton. Aka aika wa Baba Ilu ya dawo. Muka kai shi gabanta muna murna. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wanga ƙanzon ya ƙone. Ku ce wa yaron ba nawa ba na."

Lawali ya ce, "Baba, ka yi mini wannan. In ba tikiti, kullum zuciyata a sama take."

Tsohon ya ce, "Don kai, to. Amma yatsana ba shi taɓa ta." Ya waiwayo ya dube ni. "Bakatsine zai taɓa. Ita hoto take nuna wa mutane, shi kuma baki. Sun dace."

Daga ranar, ko ina tsakiyar me, da na ji sallamarsa zan bar aikin in je in taɓa masa makina, in kai tikitin taga, in ɗauko kwano in kai masa. In na yi jinkiri zai ce wa duk ɗakin, "Ina bawan nan nawa?" Ban taɓa gaya masa ba, amma wannan aikin shi ne abin da na fi so a yinina.

Da ciwon ya ci ƙarfinsa, ni da Lawali muke kai masa kwanon har ɗaki. Wata rana da la'asar, da na ga cin nasa ya koma loma ɗaya, na zauna a bakin katifarsa na ce, "Baba, ƙaryar da na yi maka, da wadda na yi wa Lawali, ka yafe mini."

Ya ce, "Ta Lawali, ga Lawali nan, ka tambaye shi."

Lawali ya ce ya yafe.

"Tawa kuma tun ranar na yafe."

Na ce, "To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "In na gaya maka, wa zai taɓa mini makina?"

Bai yi mako ba bayan wannan. An yi masa salla a Harami, jama'ar Hindawiyya da Tandabawi suka fito, har da waɗanda suka taɓa juya masa baya da kwanonsu. Faisal yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ya Allah, baƙonKa ne, ya tsufa a ƙofar ɗakinKa, ba shi da ɗa ba shi da jika a ƙasar nan. Ka yi masa sauƙin kwanciya, Ka yafe masa taurin kansa, Ka saka masa da abin da ya yi wa Lawali. Mu kuma da muka ji tsoro a ranar da ya tsaya, Ka yafe mana, Ka sa mu cika da imani. Amin.